Tsofaffin Bindigogin Soja: Tambayoyi da Amsoshi kan Saiti da Zaɓen Harsashi

Da rundunonin soja suka koma ga bindigogi masu sarrafa kansu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, miliyoyin tsofaffin bindigogi sun fita daga rumbunan gwamnatoci sun shiga hannun masu tara kayan tarihi, masu gasar harbi da mafarauta, a ƙasashen da doka ta amince da hakan. Ana maganar irin su Lee-Enfield ta Birtaniya, Mosin-Nagant ta Rasha, Mauser ta Jamus da ta Suwidin, K31 ta Suwizalan, Carcano ta Italiya, Arisaka ta Japan, da Springfield da Garand na Amurka. Amsoshin nan na wanda ya mallaki irinsu ne da lasisi bisa dokar ƙasarsa, yana kuma harbi a filin da aka keɓe don haka. Abin da zai riƙa dawowa a cikinsu shi ne cewa kowace bindiga tare aka tsara ta da harsashinta, kuma yawancin matsalar saiti daga raba su take farawa.

Wane irin saiti zan sa rai daga bindigar da ta haura shekara 80?

Masu harbi suna auna saiti da faɗin wurin da harsasai suka taru a jikin allo, wato rukuni. Awon da aka fi amfani da shi ana ce masa MOA, kuma MOA ɗaya kusan santimita 2.9 ne a tazarar mita 100. Bindigar soja mai lafiya, da harsashin soja na yau da kullum, da saitin ƙarfe ba na madubi ba, yawanci tana tara harbinta cikin santimita 7 zuwa 12 a mita 100. Wannan ba gazawa ba ce. An ƙera ta ne don soja ya sami abu mai girman mutum daga mita 300 ko 400, cikin laka da ƙura da sanyi, da harsashin da masana'antu daban-daban suka yi da gaggawa.

Akwai waɗanda suka fi haka. K31 da harsashinta GP11, Mauser ta Suwidin ƙirar 1896 mai cin harsashin 6.5×55, da Mosin ɗin da Finlan ta sake wa bututu da ƙota irin su M39 da M28/30, sukan sauko zuwa santimita 4 ko 5 a hannun gwani. Suwizalan da Suwidin ba su shiga yaƙe-yaƙen duniya ba, saboda haka ba a yi ƙirarsu cikin gaggawa ba, bindigogin kuma ba su sha wahalar fagen fama ba.

Kada ka yanke hukunci da harbi 3. Harsasai 3 suna iya haɗuwa wuri ɗaya bisa sa'a kawai. Ka harba 5, in da hali 10, ka maimaita a kan abin da zai riƙe bindigar daram kamar buhun yashi, sannan ka ɗauki matsakaicin sakamakon. Hoton rukuni ɗaya mafi kyau da mutum ya taɓa samu ba shi ne halin bindigarsa ba.

Na saita daidai a mita 100 amma harsashi yana wucewa sama. Lalacewa ta yi?

Galibi lafiyarta ƙalau. Da yawansu ba a yi musu saitin mita 100 ba tun asali. Mafi ƙanƙantar lamba a saitin baya na Gewehr 98, wato Mauser ta Jamus, mita 400 ce. Na Mauser ta Suwidin ƙirar 1896 mita 300 ce. Ramin leƙe na yaƙi da ke kan Lee-Enfield No. 4 yadi 300 ne, Springfield M1903 kuwa idan saitin yana kwance yadi 547 ne. An koya wa soja ya auna tsakiyar jiki, harsashi ya sauka a wani wuri tsakanin ciki da ƙirji ko abokin gaba yana kusa ko yana nesa. A kan allon takarda a mita 100, hakan yana nufin ramuka su fito taƙi ɗaya ko fiye a saman inda ka auna.

Mosin tana da nata dalilin. An saita M91/30 ne da banati a bakinta, M44 kuma da banatinta a miƙe. Idan aka cire ko aka naɗe, girgizar bututun takan canja, harbin ya kauce gefe.

Gyaran ba shi da wuya. Ko dai ka riƙa aunawa a ƙasan baƙin da'irar allo, ko ka sa dogon saitin gaba ka adana na asalin. Ƙa'idar ita ce, saitin baya ana matsar da shi zuwa inda kake son harbi ya koma, saitin gaba kuwa akasin haka. Lissafin: ka ninka kuskuren da tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya, ka raba da nisan allo. Idan harbi yana sama da santimita 20 a mita 100, tazarar saitin biyu kuma santimita 60 ce, ƙarin milimita 1.2 kacal saitin gaba yake buƙata. Ƙanƙantar wannan lamba ita ma tana nuna maka yadda ɗan kuskuren ido yake zama babban kuskure a allo.

Me ya wajaba in duba kafin harbin farko?

Wannan ita ce tambayar da na fi so mutum ya tsaya a kanta. Abu na farko, ka tabbatar da irin harsashin da take ci a yau, domin rubutun da ke jikinta yana iya zama tsohon labari. An sake fafe mazaunin harsashi na bindigogi da yawa bayan yaƙi. Akwai Arisaka Type 99 da aka mayar masu cin .30-06, akwai Mauser da aka mayar masu cin 7.62×51, akwai Carcano masu cin 6.5×52 da masu cin 7.35×51 da suka yi kama da juna a ido. Ƙwararren mai gyaran bindiga yana zuba wani narkakken ƙarfe mai sauƙin narkewa a mazaunin, ya fitar da siffarsa, ya auna, shakka ta ƙare.

Na biyu, tazarar da ke tsakanin fuskar sakata, wato ƙarfen da yake kulle harsashi a mazauni daga baya, da wurin da kwanson harsashi yake tokarewa. Idan ta yi yawa, kwanso yana miƙewa har ya tsage, iskar gas mai zafi ta dawo fuskar mai harbi. Ana auna ta da wasu ƙarafa na musamman masu siffar kwanso. A Lee-Enfield, awon soja daga inci 0.064 ne zuwa 0.074, kuma No. 4 tana da kawunan sakata masu lamba 0 zuwa 3 da ake musanyawa don gyara tazarar. Idan lambar da ke jikin sakata ba ta yi daidai da ta jikin bindiga ba, awon nan ya zama tilas.

Na uku, giris ɗin ajiya da ake kira Cosmoline. Yana daskarewa a mazaunin harsashi da cikin sakata. Wanda ya rage a mazauni shi ne yake sa sakatar Mosin ta ƙi buɗewa bayan harbi kaɗan, idan zafi ya narkar da shi ya manne da kwanso. Wanda ya rage cikin sakata yana rage ƙarfin allurar da ke bugun ƙyastu, wato ɗan maɓallin da ke gindin kwanso mai kunna albarushi. A bindigogi masu sarrafa kansu irin su SKS, yana iya maƙale allurar a waje har bindiga ta tashi da kanta lokacin da sakata ta rufe.

Akwai kuma waɗanda bai kamata a harba su ba ko kaɗan. Springfield M1903 da lambarta ta gaza 800,000 daga masana'antar Springfield, ko ta gaza 285,507 daga Rock Island, an gasa ƙarfensu ta hanyar da ta sa wasu suka yi gautsi, kuma an sami waɗanda suka fashe. Japan ta ƙera bindigogin horo masu kama da Arisaka waɗanda harsashi marar ƙwaya, wato marar kan da yake fita daga bututu, kaɗai aka yi su dominsa, da yawansu ma ba su da tsaga, wato murɗaɗɗun layukan da suke juya ƙwaya, a cikin bututu. Tsohuwar Schmidt-Rubin ta Suwizalan ƙirar 1889 ba ta jure GP11 ko da ya shiga mazauninta. Irin waɗannan a rataye su a bango.

Sunan harsashi ɗaya ne, me ya sa ake cewa kaurin ƙwaya ya bambanta?

Saboda suna ɗaya yakan ɓoye awo biyu. Babban misali shi ne 8mm Mauser, wato 7.92×57. Harsashin farko na 1888 ƙwayarsa inci .318 ce, milimita 8.08. A farkon ƙarni na 20 Jamus ta koma ga ƙwaya mai tsini mai kaurin inci .323, milimita 8.20, wadda ake yi wa alama da harafin S. Gewehr 98 da aka yi yaƙi da ita da K98k ta 1935 duk masu faɗin ne, amma Gewehr 88 da wasu tsofaffin bindigogin farauta suna iya zama masu matsatsen bututu. Cusa ƙwaya mai kauri a matsatsen bututu yana ɗaga matsi zuwa inda babu aminci. Wannan ne ya sa kamfanonin Amurka suka daɗe suna yin 8mm Mauser mai rauni, na Turai kuwa suna rubuta 8×57 IS ko JS su cika masa ƙarfi.

Carcano ta sha mummunan suna a kan rashin saiti, alhali rabin laifin na harsashi ne. Bututunta yana son ƙwaya mai kaurin inci .267 zuwa .268, amma an daɗe ana ɗura mata ta .264 da sauran masu 6.5 suke ci. Siririyar ƙwaya ba ta kama tsagar bututu sosai, gas yana zurarewa ta gefenta, ta fita tana tangaɗi.

Haka .303 British, 7.62×54R da 7.7×58 na Japan: dukkansu suna son .311 zuwa .312, ba .308 ba. Bututun Mosin da na Enfield na lokacin yaƙi sukan kai .313 ko .314. A ɗaya ɓangaren, M28/30 ta Finlan matsatsiya ce, kusan .308, M39 kuma wajen .310.

Hanyar sani ita ce awo. Ana samun dunƙulen dalma mai laushi da ya ɗan fi ramin bututu girma, a shafa masa mai, a tura shi a hankali daga wannan kai zuwa wancan da sandar tagulla. Idan ya fito, zanen tsagar yana kwance a jikinsa sarai, sai a auna mafi faɗin wurin da maikiromita. Bututu mai tsaga 5 irin na yawancin Enfield yana da wuyar awo da kayan gida, domin tudu yana fuskantar kwari, sai a kai wa mai gyara.

Tsohon harsashin soja ya fi, ko sabon na kamfani?

Kowanne da ranarsa. Tsohon harsashin soja shi ne wanda aka rubuta lambobin saitin baya dominsa, saboda haka idan ka ɗaga saiti zuwa 300, can zai sauka. Amma ingancinsa ya danganta da wanda ya yi shi da yadda aka adana shi. GP11 na Suwizalan, mai ƙwaya giram 11.3, ingancinsa ya kusa na gasa. Wasu kuwa daga gwangwani ɗaya za ka sami bambancin gudu mai yawa tsakanin harsashi da ɗan'uwansa, kuma wannan bambanci shi ne yake jan rukuni ya yi tsawo daga sama zuwa ƙasa a nesa. Tsohon 8mm na Turkiyya an san shi da zafi da tsagewar wuyan kwanso, ba a son sa a bindigogi masu sarrafa kansu.

Sabon harsashi daga kamfanoni irin su Prvi Partizan na Sabiya, Sellier & Bellot na ƙasar Cek, Norma, Lapua da Hornady ba ya kawo tsatsa, kwansonsa yana sake ɗuruwa, gudunsa kuma ya fi daidaito. A ganina wanda yake son sanin iyakar bindigarsa ya fara da sabo, mai nauyin ƙwaya kusa da na asali. Idan ya ga abin da take iya yi, sai ya gwada tsoho ya san nawa ya rage.

Ka kuma kula da cewa tsofaffin harsasai da yawa na gabashin Turai suna da ƙarfe a cikin ƙwaya. Filayen harbi da dama sun hana su saboda suna huda allon ƙarfe, suna kuma tayar da tartsatsi a busasshiyar ciyawa. Maganaɗisu yana nuna akwai ƙarfe, sai dai ba ya bambance ƙarfen ciki da na rigar ƙwaya.

Mene ne harsashi mai kawo tsatsa, kuma yaya ake wanke bindiga bayansa?

Laifin ba na albarushi ba ne, na ƙyastun da ke gindin kwanso ne. Tsofaffin ƙyastu suna ɗauke da sinadarin potassium chlorate, wanda idan ya ƙone yake barin gishirin potassium chloride a cikin bututu. Gishirin yana jawo danshi daga iska, kamar yadda gishirin girki yake jiƙewa idan aka bar shi a buɗe, kuma a wuri mai laima tsatsa tana iya bayyana kafin gari ya waye. Sojoji sun daɗe suna amfani da irin wannan ƙyastu saboda yana jure dogon ajiya da tsananin sanyi. Amurka ba ta bar shi a .30-06 ba sai farkon shekarun 1950, ƙasashen gabashin Turai kuma sun ci gaba da shi shekaru da yawa bayan haka.

Mai ba ya narkar da gishiri, rufe shi kawai yake yi. Ruwa ne maganinsa. A ranar da ka yi harbi, ka cire sakata, ka zuba ruwan zafi ta mazaunin harsashi ya fita ta baki, ko ka tura jiƙaƙƙun ƙyallaye da yawa. Ka goge fuskar sakata da duk inda hayaƙi ya taɓa, har da bututun gas idan bindigar tana da shi. Ka busar sosai, ka yi wanki na yau da kullum, ka shafa mai. Washegari ka sake leƙawa. Ruwan zafi ya fi saboda yana ɗumama ƙarfe ya bushe da kansa. Duk tsohon harsashin soja da ba ka da tabbacinsa, ka ɗauka mai kawo tsatsa ne. Idan aka wanke bindiga yadda ya kamata bayan harba shi, ba ya cutar da bututu fiye da kowane harsashi.

Ta yaya zan gane harsashi ya lalace?

Ka duba kwanso. Kore ko farin gari a wuyansa ko kewayen ƙyastu, tsaga a wuya, ko ƙwaya da ke motsi idan ka taɓa, duk alamun a ajiye shi gefe ne. Idan ka buɗe gwangwani ka ji wari mai yaji da ke hawa hanci, ko ka ga jan ƙura kamar tsatsa, albarushin ya fara ruɓewa daga ciki, kuma irin wannan yana iya ba da matsi fiye da kima. Zafi ne babban mai kashe albarushi, sai danshi.

A fili, idan ka ja kunama ka ji ƙas babu ƙara, kada ka buɗe sakata. Ka bar bakin bindiga yana kallon allo na aƙalla daƙiƙa 30, wasu ma minti guda suke jira, domin tsohon ƙyastu yakan yi jinkirin kamawa. Idan kuma ƙarar ta fito a raunane, ko ba ka ji shurin da ka saba ji a kafaɗa ba, ka tsaya, ka cire sakata, ka leƙa bututu. Ƙwaya tana iya maƙalewa a tsakiya, kuma harbi na biyu a bayanta shi ne yake fasa bindiga. Ƙunshin da ya yi maka haka sau biyu, ka daina harba shi.

Wane nauyi da wace siffar ƙwaya suka fi?

Ka fara da abin da aka tsara ta da shi. A kwali ana rubuta nauyi da giren, kuma giram ɗaya giren 15.4 ne. Lee-Enfield an saita ta da harsashin Mk VII na 1910, giren 174, gudun kusan mita 744 a daƙiƙa. K98k da giren 198, gudun mita 760. K31 da giren 174. Garand da M2, giren 150 zuwa 152. Mosin tana da biyu: mara nauyi wajen giren 148 da mai nauyi wajen 182, kuma lambobin saitin M91/30 na mara nauyin ne. Mauser ta Suwidin ta fara da doguwar ƙwaya mai zagayayyen kai giren 156, daga baya ta koma mai tsini giren 139, shi ya sa murɗin tsagarta yake da sauri, take kuma son dogayen ƙwayoyi.

Siffar gindin ƙwaya tana da tasiri fiye da yadda ake zato, musamman a Enfield. Albarushin cordite da Birtaniya ta yi amfani da shi yana ci da zafi sosai, ya cinye maƙogwaron bututu, wato farkon tsagar da ke gaban mazauni. A irin wannan bututu, ƙwaya mai shafaffen gindi tana ɗan buɗewa da bugun gas ta toshe ramin, mai tsukakken gindi kuwa ba ta yin haka. Za ka ga Enfield ɗin da take watsa masu tsukakken gindi har wasu su shiga takarda a kwance, ramin ya fito dogo maimakon zagayayye, amma da aka ba ta masu shafaffen gindi sai ta nutsu. Kafin ka ce bututu ya mutu, ka yi wannan gwajin.

Gaskiya ne harsashin farauta na zamani yana lalata M1 Garand?

Akwai gaskiya a ciki. Garand, wadda Amurka ta ɗauka a 1936, tana ɗiban gas kusa da bakin bututu don tura doguwar sandar da ke buɗe sakata. Harsashi mai nauyin ƙwaya da albarushi mai jinkirin ci yana barin matsi mai yawa a daidai wurin, sandar ta sha bugu, a hankali ta lanƙwashe. Hukumar CMP ta Amurka, wadda take sayar wa 'yan ƙasar waɗannan bindigogi, tana gargaɗi a kan ƙwaya mai nauyi fiye da giren 172 zuwa 174. Mafita biyu ce: harsashin da aka rubuta a kwalinsa cewa na Garand ne, ko murfin gas mai rage matsi da ake ɗaurawa ba tare da an taɓa asalin bindigar ba.

Na ga 7.62 a jikin tsohuwar bindiga. Zan iya sa mata .308 Winchester?

Sai an duba wace ce. Ishapore 2A da 2A1 da Indiya ta ƙera a shekarun 1960 tun farko don 7.62×51 aka yi su. M1916 da FR-7 na Sifaniya kuwa an gina su ne a kan tsarin Mauser na 1893 da aka yi don 7×57, mai ƙarancin matsi. Mazaunin soja yakan fi na kasuwa tsawo, kwanson .308 na kasuwa kuma yakan fi na soja siranta. A tsofaffin da aka yi wa juyi, shawarata ita ce a auna tazarar sakata, a kuma tsaya ga harsashi mai sauƙin matsi.

Cikin bututun ya yi baƙi. Ta gama aiki ke nan?

Ba lallai ba. Bututu mai duhu da ƙananan ramukan tsatsa yana iya harbi da kyau muddin tsagar tana da tudu. Wuri biyu ne suka fi yanke hukunci: maƙogwaro da bakin bututu. Gefen baki shi ne abu na ƙarshe da ƙwaya take taɓawa, kuma idan ya cinye ta gefe ɗaya, gas yana fita ta nan da wuri ya ture gindinta. Sojoji da yawa sun riƙa wanke bindiga daga baki da sandar ƙarfe, shekara da shekaru, har wurin ya buɗe. Gwaji mai sauƙi, bayan ka tabbatar babu komai a cikin bindigar: ka ɗauki harsashi ka sa tsininsa a bakin bututu. Idan ya tsaya da sauran jikin ƙwaya a waje, da sauran rai. Idan ya nutse har wuyan kwanso, bakin ya cinye.

A Mosin da yawa za ka ga an faɗaɗa ramin baki zuwa 'yan santimita ciki. Ma'aikatun soja ne suka yi haka da gangan don su kai ga lafiyayyar tsaga, kuma sau da yawa saitin gyaruwa yake yi. Mauser ta Suwidin tana da faifan tagulla a ƙota da ke nuna awon bututu da halin da yake ciki a binciken ƙarshe. Arisaka Type 99 na farko-farko an shafe cikinsu da kurom, shi ya sa da yawa suke ƙyalli har yau.

Kada ka matsa da gurzar tsohon bututu da burushin ƙarfe don neman ƙyalli. Ka cire dattin jan ƙarfe da maganinsa, ka wanke daga baya idan tsarin bindigar ya ba da dama, ka bar sauran.

Harbin farko yana kyau, daga nan sai ya riƙa tafiya. Me ke jawo haka?

Mafi yawa katako ne. Waɗannan bindigogi suna da ƙota mai rufe kusan dukan bututu, da zobban ƙarfe da suka ɗaure su. Katakon da ya shekara 80 ya bushe, ya sha mai, ya motsa. Bututu yana zafi yana miƙewa, ya tokari katako a wani wuri, harbi ya bi ta can. Ka fara da sukurorin da suka haɗa ƙarfe da ƙota, ka tabbatar sun ɗauru, da sukudireba da ta cika bakinsu. A Lee-Enfield, babban sukurun da ke gaban kariyar kunama shi ne jigo, kuma No. 4 an tsara ta ne katako ya ɗan tura bututu sama a can gaba, saboda haka fafe katakon don bututu ya yi shawagi yakan ƙara ɓata ta. A Lee-Enfield ƙirar SMLE No. 1 Mk III kada ka taɓa juya dogon sukurun ƙotar baya kafin ka cire katakon gaba, domin kansa mai kusurwa huɗu yana tsaga katakon.

Ka ba bututu lokaci ya huce tsakanin rukuni da rukuni. Sannan ka duba kanka. Gindin waɗannan bindigogi ƙarfe ne, shurinsu yana da ƙarfi, musamman gajeru irin M44, kuma bayan harbi 20 mutum yakan fara zabura kafin kunama ta saki ba tare da ya sani ba. Kunamarsu yawanci mai zango biyu ce: ka ja har ka ji ta tokare, ka tsaya, sannan ka ƙara matsi a hankali.

Sake ɗura kwanso da hannu yana da amfani?

Ga Carcano, Arisaka da duk bututun da awonsa ya kauce, a nan ne ake samun babban ci gaba, tun da kai ne za ka zaɓi kaurin ƙwaya. Inda doka ta yarda, a bi littafin kamfanin albarushi, a fara daga mafi ƙarancin awo. Kwanson soja na Turai yawanci tsarin Berdan ne, mai ƙananan ramuka biyu a ciki, yana da wuyar sake ɗurawa. Tsarin Boxer mai rami ɗaya a tsakiya shi ne mai sauƙi. Enfield tana kulle sakatarta daga baya, mazauninta kuma yalwatacce ne, saboda haka kwanso yana miƙewa. Idan ka ga siririn zobe mai haske a ɗan saman gindi, ya kusa rabuwa, ka jefar. Matse wuyan kwanso kaɗai, da ware wa kowace bindiga nata, yana ƙara masa kwana. K31 maƙogwaronta gajere ne, ƙwayar da aka bari da tsawo tana cije tsaga sakata ta ƙi rufewa sosai.

Ana farauta da harsashin soja?

Bai dace ba. Tun Yarjejeniyar Hague ta 1899 da ta hana ƙwaya mai buɗewa a yaƙi, harsashin soja rigar ƙarfensa rufe take har tsini. Yana iya ratsa dabba ya wuce, ta gudu da rauni ta mutu a wahale, kuma ƙasashe da yawa sun haramta shi a farauta. Ka nemi mai dalma a buɗe a tsini, ka sake duba saiti da shi kafin ka fita, domin ba lallai ya sauka inda na soja yake sauka ba.

In huda ta in ɗaura madubin hange?

Roƙona shi ne kada ka yi. Ramin da aka huda ba ya toshewa, ƙotar da aka yanke ba ta dawowa, kuma ba za a sake ƙera waɗannan bindigogi ba. Madubi ba ya ƙara wa bututu saiti, ido kawai yake taimaka wa. Waɗanda aka yi wa madubi a zamaninsu, kamar Lee-Enfield No. 4 (T) da kamfanin Holland & Holland ya gyara ko Mosin mai madubin PU, sai da aka zaɓo su daga cikin waɗanda suka fi saiti a gwaji. Simo Häyhä, shahararren maharbin sojan Finlan, kuwa da saitin ƙarfe na M28/30 ya yi Yaƙin Hunturu na 1939 zuwa 1940 tsakanin Finlan da Tarayyar Sobiyat.

Idan ido ya fara gajiya har saitin baya yana dishi-dishi, akwai maɗaurai da suke hawa gurbin saitin baya ba tare da huda ba, ana sa musu madubi mai dogon zango daga ido. Akwai kuma saiti mai ramin leƙe da ake ɗaurawa da sukurorin da ke jikin bindigar tun asali. Duk abin da ka cire, ka sa shi a jaka ɗaya da lambar bindigar a rubuce, don mai ita na gaba ya iya mayar da shi.